Notin Birkin Yaya

Tun da Yaya ya bar mini garejin ya koma gida ya zauna, bai taɓa kawo mini babur ɗinsa gyara ba. Yakan zo dai, ya zauna a kan benci, ya sha shayina, ya kushe aikina, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Babur ɗin kuwa shi yake kula da abinsa a ƙofar gida, don a ganinsa har yanzu hannuna bai faɗa ba. Ni da jikoki, furfura har a gira, amma a wurin Yaya ina nan a Autana, mai koyon riƙe sifana.

Shi ya sa ranar da na ga ya shigo da shi har cikin rumfa, ya kafe shi a tsakiyar wurin aiki, sai da na ajiye abin da ke hannuna na miƙe tsaye.

"Auta, shokazobar gaba ce," ya ce, ko gaisuwata bai gama amsawa ba. "Da na kama birki sai gaban ya nutse, kan babur ɗin ya fizge. Ka canza mata mai, ka duba robar. Kada ka taɓa mini komai bayan wannan."

"Ikon Allah. Yau kuma ni ne makanikin?"

"Don ƙaramin aiki ne."

Babur ɗin nan ya girmi duk 'ya'yanmu. Ja ne a da, yanzu ya koma kalar da ba ta da suna, amma injinsa in yana aiki sai ka kasa kunne kafin ka ji shi. Rigar kujerarsa matar Yaya ce ta ɗinka, ita da muke kira Tela, don tana da shagon ɗinki a bakin kasuwa tun tana amarya. Kullum da safe Yaya yakan kai ta shago, da yamma ya je ya ɗauko ta, tana zaune a karkace da jakar zare a kan cinya, suna tafe suna gardama. A da yakan sauke ta ne ya wuto gareji. Da ya bar gareji, kai ta da ɗauko ta ne kaɗai aikin da ya rage masa a duniya, kuma yana yin sa da muhimmancin da direban jirgi yake yin nasa. In aka raba shi da wannan, ni dai ban san dalilin da zai sa ya wanke fuska da safe ba.

Na durƙusa na duba. Gaskiyarsa, sandar shokazoba ta hagu, cikin biyun nan da ke riƙe tayar gaba suna shanye gargada, tana tsatsar mai, ƙura ta manne a jikinta ta yi baƙi. Na ɗaga gaban, na cire taya, na zare sandunan biyu, na juye tsohon man da ya koma kamar ruwan wanki, na sa sabuwar roba da sabon mai. Lokacin da nake cire tayar na ji ta ɗan yi tauri, har wani ƙauri-ƙauri ya bugi hancina, amma ban tsaya a kai ba. Haka muka yi aiki tun ba mu da gemu: Yaya ya faɗi ciwo, ni in kwance. In ya ce shokazoba ce, to idona ba ya ganin komai sai shokazoba. Kuma ban taɓa yin asara da hakan ba, don a zamaninsa mai babur yana shigowa layinmu Yaya zai ɗaga kai daga kan aiki ya ce, "Wannan boris ɗin tayarsa ne," kafin mutumin ya kashe inji.

Da na mayar da tayar sai na saita birki, kamar yadda kowa yake yi in ya cire taya. A ƙarshen wayar birki, can kusa da tayar, akwai wani ɗan noti da ake juyawa da yatsu. In ka ɗaure shi, libar da ke hannun dama takan kama da wuri. In ka ɗaure shi ya wuce kima, fatar birki ba ta sakin kwanon taya, tana ta gogarsa ana tafiya, ya yi zafi, ranar da ka taɓa libar kuma ya cafke gaba ɗaya. Na juya shi zuwa inda ya kamata, libar ta sami ɗan wasa kafin ta kama. Yaya yana can yana ba mai shayi labarin yadda aka lalata garejin, bai kalli abin da nake yi ba. Ya hau, ya danna gaban ya ga ya dawo a hankali, ya ce, "Ba laifi," wanda a bakin Yaya lambar yabo ce, ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya dawo, fuska a ɗaure.

"Ba shokazobar ba ce. Boris ɗin wuya ne."

Wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan da kan babur yake juyawa a kansu. Na kalle shi. Ban taɓa jin Yaya ya canza magana a kan babur ba. Ya kau da kai, ya ce zai shiga wurin mai aski, in gama kafin ya fito.

Na ɗaga gaban na juya tayar da hannu. Maimakon ta yi ta juyawa, sai ta yi rabin zagaye ta tsaya cak. Na kai hannu jikin kwanon, na janye da sauri, don ya isa ya gasa yatsa. Na leƙa notin. An ɗaure shi har ƙarshen zarensa, babu sauran inda za shi. Kuma a jikinsa ga sawun haƙoran filaya, sabbi fil, sun ci ƙarfen sun bar shi yana ƙyalli.

Nan take raina ya ɓaci. Filaya a jikin notin birki! Ina saurayi na taɓa yin haka sau ɗaya, Yaya ya ƙwale ni da bayan sukundireba a tsakiyar ka, ya ce notin da aka yi don yatsa ba ya son haƙori, duk wanda ya sa masa filaya mahauci ne ba makaniki ba. Har yau in na ga yaran zamani suna yi sai wurin ya yi mini ƙaiƙayi. To wa ya yi wa babur ɗin Yaya wannan ta'asa? Amsa ɗaya ce ta zo mini. Bai yarda da aikina ba, ya fita daga nan ya kai wa waɗancan sababbin masu gyaran na bakin titi, masu kiɗa a rumfa, su duba bayana. Su kuma suka ɗaure masa birki kamar za su ɗaure akuya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ban ɓoye ba. A ce duk shekarun nan, ɗan'uwana ya fi yarda da wanda aka haifa bayan an sayi babur ɗin.

Na sassauta notin na mayar da shi daidai. Na riƙe sandunan gaba na jijjiga, na juya kan hagu da dama, ban ji komai a wuyan ba. Da Yaya ya fito daga aski na ce masa aikin ba zai ƙare yau ba, ya bar shi ya kwana. Ban iya yi masa maganar filaya ba. Mutum ya tsufa da jin nauyin wansa, ba rana ɗaya zai sauke ba. Ya yi ƙunƙuni ya tari mota ya tafi, ni kuma na rufe rumfa da wuri na nufi shagon Tela, don ita ce kotun da nake kai ƙarar Yaya tun tana amarya.

Na same ta tana taka keken ɗinki, tabarau a kan hanci, allura a gefen baki.

"A'a, Auta da kansa? Wandon ne ya sake yagewa, ko matarka ce ta kore ka?"

"Mijinki ne ya ci amanata."

"Sai yau ka san halinsa? Zauna, kada ka taɓa mini yadin mutane da wannan hannun."

Na zauna na zayyana mata komai, har da ƙwalar da na sha ina saurayi. Ina cikin magana na ga ƙafarta ta daina taka keken. Ta cire allurar daga baki ta soke ta a jikin ɗan matashin da take tara su. Sannan ta jawo aljihun keken, ta ɗauko wata 'yar filaya mai jan hannu ta ajiye a gabana.

"Ga mahaucin naka. Tawa ce, da ita nake gyaran keke. Babu wanda ya taɓa babur ɗin nan sai yayanka."

Na ce, "Yaya ba zai sa filaya a noti ba ko za a yanka shi."

"Da yatsun suna juya shi, da bai sa ba." Ta cire tabarau ta murza idonta. "Hannunsa na dama ne, Auta. Tun bara yake mutuwa a hankali. Yatsun ba sa rufewa. Ba ka lura da hannu biyu yake riƙe kofin shayinka ba?"

Na lura. Na ɗauka sanyi yake ji.

"Duk rigunansa na canza musu maɓallai, na sa manya, na faɗaɗa ramukan. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Libar ce ba ya iya jawowa har ta kama, shi ne yake ɗaure notin kaɗan-kaɗan don ta kama tun daga sama. Ranar da ka gyara masa, da ƙyar muka tsaya a mahaɗar hanya, sai da ya sa ƙafa a ƙasa. Muna isa gida ya ce in ara masa filaya."

"Kuma kike hawa bayansa?"

"In ban hau ba wa zai hau? Amma in mun zo kan gangaren nan na wajen gada, sai in ce ya sauke ni, likita ya ce in riƙa taka ƙafa saboda gwiwa. In gangara a ƙasa, ya jira ni a ƙarshe." Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Babu likitan da ya ce mini haka. Shi ma ya san babu."

Ina ta kallon filayar, kunyar fushin da na shigo da shi ta rufe ni.

"Na yi masa maganar asibiti, ya ce in ji da ɗinkina," ta ce. "Yara sun yi, ya kore su. Ni kuma tsoro nake ji, ba don kaina ba. Dawowar da yake yi shi kaɗai bayan ya sauke ni nake tsoro. In mutum ne ya gaya masa, musu zai yi har gobe. Kai ka san yadda za ka sa babur ɗin ya gaya masa."

Washegari da hantsi Yaya ya iso, ya ce Tela ta shiga motar haya tana ta mita, saboda haka kada in ɓata masa lokaci.

"Ka canza boris ɗin?"

"Ban ji motsi a wuyan ba, Yaya. Ni kaɗai ba na tabbatarwa. Zo mu gwada yadda muka saba."

Gwajin wuya aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya hau babur, ya kama birkin gaba tam, ya riƙa tura shi gaba yana jawo shi baya. Tayar ba za ta motsa ba, don haka duk wani sako-sako da ke gaban sai ya fito fili. Ɗayan ya tsuguna a gaba, ya zagaye wuyan da yatsu, daidai inda kan yake juyawa. In boris sun ci, za ka ji ɗan ƙwas-ƙwas a cikin yatsunka tun kunne bai ji ba. Yaya ne mai hawa, ni ne mai tsugunawa, tun muna aiki a gindin bishiya da akwatin kayan aiki ɗaya da muke kaiwa ajiya shagon mai faci. Yana jijjigawa yana 'yar waƙarsa ta cikin hanci, ni ina ƙasa ina shaƙar ƙurar taya, in na ce "akwai" ya ce ai ya sani, in na ce "babu" ya ce in wanke yatsuna in sake. Babura nawa suka wuce ta tsakaninmu a haka, Allah kaɗai ya sani. Ban san ina kewar abin ba sai da na tsuguna a gaban jan babur ɗin nan na ji gwiwoyina suna ƙara.

Yaya ya daɗe a tsaye. Ya kalli libar, ya kalle ni. Sannan ya ɗaga ƙafa ya hau, ya ture jek ɗin da babur ɗin yake kafe a kai.

Na zagaye wuyan da yatsu. "Bismilla."

Ya kama, ya tura. Babur ɗin ya gangaro salin-alin, tayar ta hau kan babban yatsan ƙafata.

Na janye ƙafar. Ya ja baya, ya gyara zama, ya sake kamawa. Wannan karon na ɗaga ido na kalli hannun. Yatsu huɗu suna kan libar, sun jawo ta har rabi, sun tsaya a nan suna rawa. Jijiyoyin wuyansa sun tashi, ya cije leɓe. Hannun nan na gani da idona ya kwance notin da ya gagari sifana mai tsawo. Ya tura, tayar ta sake gangarowa ta daki gwiwata a hankali.

Mai shayi yana can yana ta surutu da wani, rediyon mai aski yana yi.

"Ka sassauta mini noti," Yaya ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na sa shi inda ka koya mini."

"Mayar da shi yadda ka same shi."

Na miƙe, na goge hannuna a tsumma, na daɗe ina gogewa. Ban taɓa ce wa Yaya a'a a kan aiki ba, har bakina bai san yadda ake fara ta ba.

"Ba zan mayar ba, Yaya."

"Auta."

"Jiya kwanon nan ya isa ya ƙona hannu. Fatar ta goge ta yi santsi. Fizgar da kake ji ba shokazoba ba ce, ba boris ba ne, birkin ne yake cafkewa. Wata rana zai cafke a kan kwana, ko a kan yashi, kana ɗauke da ita."

"Akwai birkin ƙafa."

"In wani ne ya shigo nan ya gaya maka haka, da me za ka ce masa?"

Ya sauko, ya kafe babur ɗin da kansa, ya je ya zauna a kan benci. Ya ɗora hannun a kan gwiwa, tafin yana kallon sama, yana buɗe yatsun yana ƙoƙarin rufewa, yana kallonsu kamar yadda yake kallon kayan gyaran da aka sayo masa na jabu. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina, na ji haushin Tela, na ji haushin babur ɗin. Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

Can ya ce, "Boris ɗin lafiyarsu ƙalau, ko?"

"Ƙalau."

"Na sani." Ya ɗago kai ya kalli gaban babur ɗin. "Amma shokazobar da gaske tana yoyo."

"Da gaske, Yaya. Ta hagu. Kai ka fara gani."

Ya gyaɗa kai, kamar an mayar masa da wani ɗan abu daga cikin kayan da aka ƙwace.

"To wa zai riƙa kai ta shago?"

"Ni. Hanyata ce ai."

"Kai? Yadda kake shiga rami kamar an aike ka? Matar mutane za ta sauka da ciwon baya."

"Sai ka riƙa bin mu kana nuna mini hanya."

Ya yi tsaki. Na ce ya bar babur ɗin a nan in canza fatar birkin, in tara masa mota. Ya ce babur ɗinsa ya kwana a waje jiya, ba zai ƙara ba, fatar in zo gida in canza. Na ce to sai dai in kai su gida, shi da babur ɗin. Ya tsaya yana kallon kujerar baya, wadda ya yi shekaru yana gogewa da safe bai taɓa zama a kanta ba. Da na tayar da injin ya hau, ya rasa inda zai sa ƙafa, ya rasa inda zai sa hannu, daga ƙarshe ya dafa kafaɗuna.

Tun daga bakin layi ya fara. "Canza giya, kana kashe mini inji." Na canza. "Wa ya ce ka canza yanzu?" Na bi gefen dama ya ce akwai rami, na koma hagu ya ce ina neman mota ta kwashe mu. Masu shaguna da suka saba ɗaga masa hannu suka ɗaga, suka tsaya da hannun a sama suna kallonmu. Yaya bai kalli kowa ba, faɗa kawai yake yi da bayan kaina, ni kuma ina cewa to, Yaya, to.

Da muka hau kan gangaren wajen gada sai ya daina faɗan. Babur ɗin ya fara ɗaukar gudu da nauyinmu, gadar tana matsowa, ga wata motar kaya ta rage tafiya a gabanmu. Ban kai ga taɓa libar ba na ji yatsunsa na dama sun motsa a kafaɗata, daidai wurin da ya kamata a kama birki, ba gaba ba, ba baya ba. Matsawa yake yi da iya ƙarfinsa. Da ƙyar na ji shi ta cikin riga.